Akwatin Gishiri da Saniyar Talle

Ni dai ban taɓa iya zaman dogon labari ba. Tun ina ƙarama, in mutum ya ɗauko zance daga nesa sai in ji tabarma ta fara cizona. Kaka Dije kuwa, mahaifiyar babanmu, Allah ya jiƙanta, ba ta san gajeren labari ba. In za ta gaya maka an sha ruwa, sai ta faro daga wanda ya haƙa rijiyar. Haka muka yi shekara goma sha ɗaya da ita, tana ja ina tsinkewa.

Gidanmu yana wani ƙauye ne gaba da Kuyello, inda mota ba ta shiga in damina ta yi nisa. Lokacin girbi shi ne lokacin hira. Da an yi magariba an ci tuwo, sai a jibge masara a ƙofar ɗakinta, a hura wuta da totuwa, mu jikoki mu kewaye, kowa da ƙwaryarsa. Dokarta ɗaya ce: wanda hannunsa ba ya murzar masara, kunnensa ba zai ji komai ba. In ta ga wani ya tsaya ya saki baki, ita ma sai ta tsaya cak a tsakiyar magana, ta zuba masa ido har ya ɗauki masara. Kiran isha'i ke tashinmu, ko an kai ƙarshe ko ba a kai ba.

Tana da tatsuniyoyi kamar kowace tsohuwa, na kura da na zomo da sauransu. Amma akwai labari ɗaya da ba tatsuniya ba ne, kuma mun san ranar da zai zo. In ta jawo kaskon man kaɗe ta ɗora gefen wuta don ta shafa wa fason ƙafarta, da ƙamshin ya tashi sai ta ce, "Yau ba dabbobi. Wannan a kan idon Gwaggo Ladi aka yi shi, ita ta faɗa mini da bakinta, ina kamar wannan mai bakin." Mai bakin ni ce.

Gwaggo Ladi yayar mahaifin Kaka ce. Abin ya faru kafin Turawa su zo ƙasar nan, lokacin da mutanen ƙasar Birnin Gwari ke gudun mahara suna kafa 'yan tungaye cikin dajin doka. Tungarsu gida huɗu ce. Ubanta, Gambo, masassaƙi ne. Turmi, akushi, kujerar mata, muciya, ƙotar fartanya, duk yana yi. Matarsa ta haifi ɗa namiji a farkon rani, ba ta yi sati biyu ba ta rasu. Aka riƙa kiran jaririn Talle. Ladi tana da shekara kamar goma sha biyar, ita ta goya shi.

A duk tungar babu mace mai shayarwa. Abin da ya riƙe yaron shi ne akwai rugar Fulani da ta sauka kusa da su cin rani. Wata mata a rugar, Dudu, kullum da safe takan kawo madara mai ɗumi a 'yar ƙwarya, Ladi ta tafasa, ta sirka, ta ɗiga masa da ɗan ludayi. Amma kowa ya san ranar ƙarewar wannan. Da ruwan fari ya sauka Fulani za su tashi su yi arewa, don ƙudan dajin nan yana kashe shanu da damina. In sun tashi, babu madara. In babu madara, babu Talle.

Gambo ya je ya roƙi Buba, mijin Dudu, ya bar masa saniya ɗaya. Buba ya ce garken ba nasa ne shi kaɗai ba, da ƙannensa biyu a ciki, kuma saniya ba a ba da ita don akushi. Dudu ce ta kawo dabara. Daminar da ta wuce, wajen ƙetare kogi, gishirinsu kantu biyu ya narke cikin salkar fata, mutane da shanu suka yi wata da watanni babu gishiri. Ta taɓa ganin akwatin katako wurin wani Banufe cikin fatake, wanda ruwa ba ya shiga. Shi kuwa Gambo ya taɓa taya Banufen nan gyaran murfinsa, ya ga yadda aka haɗa shi. Sai Buba ya yanke magana a gaban ƙannensa: Gambo ya yi irinsa. Za a sa gishiri a ciki, a danna shi cikin ruwa gwargwadon tatsar saniya ɗaya. In gishirin ya fito a bushe, za a bar masa wata tsohuwar saniya da maraƙinta. In ko ɗigo ya shiga, magana ta mutu.

A nan ne Kaka takan gyara zama, ni kuma in fara mutsu-mutsu. Sai ta faɗi yadda Gambo ya zaɓi maɗaci, don ɗacinsa gara ba ta son sa. Yadda ya tsaga gungumen, ya fafe shi da gizago har ya fitar da katako shida: gindi, gefe huɗu, da murfi. Yadda ya jera su a inuwa wata biyu da duwatsu a kai don kada su lanƙwashe. Yadda ya sa tsinken ƙarfe a wuta ya huda ramuka a bakin kowane katako. Yadda ya fiƙe ƙusoshi na itacen kirya, ya ɗaure su a saman murhu suna shan hayaƙi.

"Kaka, ki tsallake nan," nakan ce. "Mun san ya sassaƙa."

"Kin san ya sassaƙa. Kin san abin da ya sa ya rataye ƙusoshin a hayaƙi?"

"Don su bushe."

"Su bushe su yi me?"

Na sunkuya na ci gaba da murzar masara.

"To rufe mini baki. Busasshiyar ƙusa in ta shiga rami ta ji danshi sai ta kumbura, ta cije, ko giwa ba ta zare ta. Ke da ɗanya za ki sa, ta motse, akwati ya zube a bayan takarkari."

Saura abu ɗaya: abin da zai toshe tsakanin katako da katako. Banufen ya ce kakin zuma ake narkawa da ƙaron maje, a zuba da zafinsa a bakin katakon kafin a haɗa. Gambo ba shi da ko ɗaya, sai ya bi masu cire zuma cikin daji, kwana biyu. A ranar da ya tafi aka fara ganin hadari yana haɗuwa ta gabas, yana watsewa. Dudu ta kawo madara ta ce mazan sun fara maganar tashi.

Yanzu ga abin da ya kamata a sani game da gidan masassaƙi. Duk abin da Gambo ya taɓa yi a rayuwarsa, daga gungume ɗaya yake fitowa. Akushi ba shi da mahaɗi, turmi ba shi da mahaɗi. Kuma tun kakanni, da namiji ya ajiye gizago, aiki ya koma hannun mata: a goge da ganyen ɓaure mai kaushi har ya yi santsi, a shafe shi da man kaɗe, a ajiye a rana ya sha. Ba a jiran a ce a yi. Uwar Ladi haka take yi, haka ta koya mata. Ladi ta dubi katako shida a jingine, gizago a rataye, hadari a sama. Ta ce bari ta rage wa ubanta aiki.

Da Talle a bayanta ta goge su ɗaya bayan ɗaya har tafin hannunta ya yi ja. Ta narka man kaɗen da uwarta ta bari, ta shafe su ciki da waje. Ta bi bakin kowanne. Ramukan ƙusa ma ba ta bari ba, da gashin kaza ta shigar da man. Akwai katako ɗaya na gefe wanda kansa, wurin da aka datse, yake ta shanye man kamar ƙasar rani. Ta ba shi, ya shanye, ta ƙara, har sau huɗu. Da ta gama suka yi ja wur suna ƙyalli. Ta jera su a ƙofar ɗaki inda zai fara gani.

Gambo bai ma gan su ba ya ji ƙamshin tun daga bakin danga.

"Ladi, me kika yi wa katakon nan?"

"Na gama maka su, Baba."

"Har bakin?"

"Har cikin ramukan."

Ya sauke kayansa, ya gutsuri kaki ya narka a kasko, ya ɗiga a bakin katako ɗaya. Ya jira ya daskare. Ya sa farce ya taɓa, kakin ya yi tsalle ya faɗi ƙasa kamar ɓawon gyaɗa. Ya ɗauko wani guntun maɗaci da ba a shafa ba, ya ɗiga, ya jira, ya kankara da farce, ya ƙi tashi. Ya miƙa mata su biyun, ya je ya zauna a kan turmin da bai gama ba.

Kaka takan ce Gwaggo Ladi har ta tsufa tana cewa da ya ɗauki muciya ya dake ta da ya fi mata sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ni ne ban gaya miki ba. Ban taɓa yin abin da ake haɗawa ba, ban tuna hannunki ya riga ya saba ba."

"Ku ji da kyau," in ji Kaka, tana nuna mu da totuwa. "Ba ganda ta yi ba. Ba wasa ta tafi ba. Aikin da aka koya mata ta yi, ta kuma yi shi da kyau. Kyan ne ma ya ɓata abin."

Sabon katako sai wata biyu, ba su da ko kwana goma. A fafe bakin da gizago kuma ba zai yiwu ba, ramukan suna dab da baki, kuma an auna akwatin daidai kantun gishiri. Sai suka koma ga toka. Ladi ta riƙa ɗebo toka mai zafi daga murhu tana dannawa a bakin katakon, tana cusawa a ramukan. Tokar ta tsotsi man ta yi baƙi, ta kankare, ta sake sabuwa. Kwana uku tana wannan, yatsunta duk suka yi bororo. Gambo na bi da wuƙa yana shaftare abin da bai fi ɓawon albasa kauri ba, yana ɗiga kaki yana gwadawa. Biyar suka karɓa. Na shidan, wanda ta ba mai sau huɗu, kansa ya riƙe kakin rabi da rabi. A rana ta uku aka yi yayyafi, aka ga matan ruga sun fara kwance bukkoki.

"A haka za mu haɗa," in ji Gambo.

Haɗin aikin mutum biyu ne, kuma ba ya son jinkiri, don kaki ba ya jira. Ladi ta kwantar da Talle a inuwa, ta riƙe kasko. Gambo ya aza gindin a kan shimfiɗaɗɗen dutse. Ta zuba kaki a baki, ya dasa dogon gefe, ya saka ƙusa, ya buga da guntun taɓarya. Sai ɗaya dogon gefen, sai gajerun biyu. Ƙusa ashirin da huɗu, kuma Kaka sai ta buga mana kowace ɗaya da totuwa a gindin ƙwarya. Ƙwas. Ƙwas. A hankali, don kirya ta fi maɗaci tauri, in ka zafafa sai katakon ya tsage.

"Kaka, don Allah, mun ji, ya buga duka."

"Saura goma sha ɗaya. Ke da kina wurin da tuni ya dare biyu."

Da aka gama ya naɗe akwatin da igiya ya ɗaure tam, ya bar shi ya kwana. Washegari ya yanke kawunan ƙusoshin, ya bi kowace kusurwa ta ciki da sauran kakin. Ya jiƙa siririyar fatar akuya cikin kaki ya manna a leɓen murfin, yadda in an danna zai zauna ɗam. Ya yi masa igiyar fata biyu ta ɗaurewa. Sannan ya turo wa Ladi kaskon man kaɗe da ƙafa, ya ce, "To, yanzu."

Ranar gwaji aka taru a wani gurbi na rafi da bai ƙafe ba. Buba da ƙannensa biyu, Gambo, Dudu, da Ladi da goyonta. Aka jawo tsohuwar saniyar da maraƙinta har bakin ruwa. Dudu ta kwance kantun gishirinta, shi kaɗai ya rage mata, ta saka da hannunta, ta danna murfi, ta ɗaure. Ƙanen Buba ɗaya ya shiga ruwa ya take akwatin da ƙafa. Ɗayan ya tsuguna ya fara tatsa. Ladi ta ce ba ta taɓa sanin tsohuwar saniya na da nono haka ba, tatsar ta ƙi ƙarewa.

Da aka fito da shi, Dudu ta ce mazan su ja baya, jikinsu na ɗiga, kada su jiƙa mata gishiri su ce akwati ne. Ta goge bayansa da zanenta, ta durƙusa ta ba su baya, ta kwance igiyar. Ladi na tsaye a kafaɗarta.

A kusurwa ɗaya katakon ya yi duhu, faɗin babban yatsa. Gindin kantun ta wannan gefen ya jiƙe, har ya fara zagwanyewa. Ladi ta gani. Ta san kusurwar, ta san katakon. Talle ya farka a bayanta.

Dudu ta ɗora tafin hannunta a wurin. Ta ɗago ta dubi Ladi, ta dubi kan yaron da ya leƙo ta gefen zane. Sai ta juya kantun, jiƙaƙƙen gefen ya koma ciki, ta ɓantari wani guntu daga sama ta jefa wa mijinta. Buba ya cafe, ya murtsuke shi a hannu, ya zuba kamar yashi. Ya tambaye ta da Fillanci. Ta amsa da kalma ɗaya. Ladi tana jin Fillanci daidai gwargwado: cewa ta yi a bushe yake. Kafin wani ya matso ta mayar da murfi ta ɗaure, ta ce iskar bakin rafi ma danshi gare ta.

Mazan suka koma wajen saniya suna kwance mata igiya. Dudu ta miƙe, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ke 'yar Kaɗo, rufe bakin nan kafin ƙuda ya shiga. Anjima ki zo da kaki ki ƙara wa kusurwar."

"Inna, in ya ƙi fa?"

"In ya ƙi, ina da kai. In mun zo ruwa sai in ɗora shi a ka."

Bayan kwana biyu ruga ta tashi. Saniyar ta zauna. Ta shayar da Talle har ya fara shan kunu, sannan ƙudan daji ya kashe ta wajen ƙarshen damina. Talle ya girma, ya yi aure, ya haifi Kaka. Su Dudu ba su sake saukowa wannan yankin ba, don haka Ladi ba ta taɓa sanin ko gishirin ya kai ba. Gambo bai tambaye ta abin da ta gani cikin akwatin ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Shekarar da na fara hankali, da Kaka ta kai nan sai na ajiye ƙwarya.

"To ai ƙarya ta yi wa mijinta."

"Ƙarya ce."

"Ke kuma kika ce mana ƙarya haramun ce."

"Na ce, kuma ban janye ba."

"To?"

"Gishirin na wa ne?"

"Nata."

"Wa zai ɗauki akwati a ka cikin kogi?"

"Ita."

"To murza masararki."

Ban gamsu ba. A wurina labarin bai tsaya da ƙafarsa ba: akwati ya yi yoyo, an yi ƙarya, an ba da saniya. A gida kuwa an mai da shi labarin gaggawa. In na zuba gishiri a miya kafin a ce, ko na wanke abin da ba a sa ni ba, sai Inna, mahaifiyata, ta ce, "Ga Ladi ta shafa mai." Na tsani wannan magana, na haɗa da labarin na tsana.

Kaka ta rasu ina aji biyu a sakandare. Bayan na gama, noma ya gagara a ƙauyenmu saboda abin da kowa ya sani, muka dawo cikin garin Birnin Gwari. Yanzu ina shagon ɗinki, ni ke duba kaya kafin a ba mai shi. An ba ni aikin ne don idona ba ya kuskure kuma bakina ba ya ɓoyewa, ina kuma alfahari da haka. Bara wata mata daga wajen Kusasu, wadda ita ma gudowa ta yi da 'ya'ya uku, ta karɓi aikin kalmasa tana yi a gida. Ta kawo riguna, na ga kalmasar ɗaya ta karkace. Gyaran bai fi in zauna minti goma da allura ba. Sai na ɗaga rigar sama a gaban mai shago na ce, "Dubi wannan." Ba a sake ba ta aiki ba. Ban yi mata ƙarya ba, kalmasar a karkace take. Ina hanyar gida ne Dudu ta faɗo mini a rai, bayan shekaru ban tuna ta ba.

Har yanzu ban ce ƙarya ta zama halal ba, Kaka ma ba ta ce ba. Ban kuma ce na canza ba, jiya ma na yi wa wata tas a kan zip. Sai dai na daina ganin labarin a matsayin na yarinyar da ta yi gaggawa. Ladi ta yi kuskure, ta ƙona yatsunta kwana uku tana gyarawa, gyaran bai cika ba. Abin da ya rage, wata ce ta ɗauka a kanta ba tare da ta gaya wa kowa ba. Da mace irina ce ta durƙusa a bakin rafin nan ta buɗe murfin, da ta ɗaga kantun sama kowa ya ga jiƙar, ta faɗi gaskiya tsaf babu ragi. Da Talle bai ga girbin shekarar ba, da ba a haifi Kaka ba, da ni mai gaskiyar ma babu ni.